Shekarar da Aka Rufe Hanyar Jidda

Azumin bana ya faɗo a tsakiyar bazara. Tun da hantsi ƙasa take ɗaukar wuta, kafin azahar ko kaza ba ta yarda ta ratsa tsakar gida, sai dai ta raɓe a gindin randa ta buɗe baki. Masu lissafi sun ce azumi yakan yi shekara talatin da 'yan kai kafin ya zagayo inda ya baro. Ni ban iya wannan lissafi ba, amma jikina ya gane zafin. Jiya bayan la'asar ina zaune ina tsigar zogale, sai na ji limamin unguwarmu ya tsayar da jama'a ana yi wa mutanen Aljeriya addu'a, waɗanda rediyon tela maƙwabcinmu yake ba da labarin yaƙinsu safe da yamma. Da amin ɗin maza ta tsallako katanga, sai na ga na saki zogalen ina kallon ƙasa. Na koma wani azumin, a cikin wannan gida, ina da shekara ashirin da ɗaya ko da biyu.

A lokacin Tudun Wada ba ta gama zama gari ba. Galibin gidajen ɗakunan ciyawa ne da dangar kara, tsakanin gida da gida kuma gonar dawa ce ko ta rogo. Duk baƙi ne muka taru, Kanawa da Katsinawa da Barebari da Nufawa, wani aikin jirgin ƙasa ya jawo shi, wani fatauci ya ajiye shi, wani bai samu masauki a birni ba. In ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango ganuwa, in iska ta juyo kana jin kukan jirgi daga tasha.

Gidanmu gidan liman ne. Surukina, wanda kowa ke kira Baba Liman, shi yake jan salla a ɗan masallacin da ke manne da zaurenmu. Mutum ne siriri mai ɗingishi, kurkunu ya taɓa cin ƙafarsa ta hagu ya bar ta a shanye. Ƙafar nan ce ta hana shi zuwa hajji. Matarsa kuwa, Inna, ta ce ita ba za ta mutu ba ta ga Ka'aba ba. Ya ce to, ga ɗanki nan, ya kai ki. Ɗan nan shi ne maigidana, Malam Ƙarami. Muna da wata bakwai da aure suka bi ayari a ƙasa suka nufi gabas. Haka ake tafiyar a da: a yi wata da watanni ana tafe, in guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙodago a gonakin mutane, a ƙara gaba. Wasiƙarsu ta ƙarshe daga Sawakin ta zo, a bakin bahar, suna jiran jirgin da zai ƙetarar da su Jidda. Daga nan shiru. Azumin da nake faɗa shi ne na huɗu ba sa nan.

Gidan ya rage mu uku, ni da Baba Liman da ƙanwarsa Gwaggo Tabawa, wadda mijinta ya rasu ta dawo gidan wanta tana sana'ar daddawa. Mace ce mai faɗa a baki, amma zuciyarta kamar auduga. Tsakanina da Baba kunya ce irin ta da. Ba na kallon fuskarsa, shi ma ba ya yi mini magana kai tsaye. In yana da abin faɗa sai ya tsaya bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida, ya yi gyaran murya, ya yi wa zanan magana.

"A gaya wa mutanen gidan nan miyar jiya ta yi daɗi."

Ni kuma in amsa wa turmi. "A ce masa an gode."

Gwaggo Tabawa takan ce ita dai ta gaji da zama da mutum biyu masu hira da kayan gida.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fid da kai, aka girbe ƙananan zangarnu marasa nauyi. Kafin azumi ya kama, in na hau rumbu sai na zura rabin jikina kafin hannuna ya taɓa dami. Rijiyar unguwa ta koma laka. Kulle a lokacin sai gidan masu hali, saboda haka da gari ya fara haske muke ɗaukar tuluna, ni da matan unguwa, mu gangara rafin Kubanni, wanda ya bushe sai rairayi. Mu tona rami da sakaina, mu tsuguna muna jiran ruwa ya tsattsafo, mu riƙa kwalfa da ɗan ƙoƙo har tulu ya cika, mu dawo kafin rana ta buɗe ido. Sai sussuka, sai surfe, sai niƙa a kan dutse gwiwa a ƙasa. Yau 'yan mata suna kai niƙa inji su dawo ko gumi ba su yi ba, ga famfo a bakin titi. Ban ce namu ya fi ba. Bayana har yau yana tuna mini da dutsen nan.

Da azahar kowa ya nemi inuwa ya baje. Mukan jiƙa zane mu lulluɓa, kafin ki juya ya bushe. Leɓe ya tsage, harshe ya yi nauyi kamar ba naki ba. Abin shan ruwa kunun tsamiya ne tsararo, in an yi sa'a da ɗan kwaɗon rama. Tuwo sau ɗaya ake tuƙawa a raba shi biyu, rabi bayan magariba, rabi a rufe don sahur.

Ran shida ga wata, da hantsi, wani baƙo ya sauka daga jirgin Ikko ya zo yana tambayar gidan liman. Malam Bawa sunansa, mutumin ƙasar Katsina, ya rame har ƙasusuwan wuyansa sun fito ta bakin riga. Ina daka a bayan zana, duk abin da ya faɗa a zaure ya shigo kunnena. Ya ce daga Jidda yake. Sarakunan Larabawa biyu ne suke yaƙi a kan wanda zai riƙe ƙasa mai tsarki. Mutanen Makka da yawa sun gudo Jidda, shi kuma ya baro Jiddan ana fara kewaye ta, ba shiga ba fita sai ta ruwa. Masu hali sun shiga jirage sun tsere. Waɗanda aka bari su ne irinmu, alhazai masu tafiyar ƙasa, suna zaune a bukkokin tsumma a bayan gari, ga zafi, ga cuta, ruwan sha ya fi ƙarfin talaka. Ya ce da idonsa ya ga mace ta yanka salkar ruwanta ta dafa wa 'ya'yanta fatar. Shi Allah ya taimake shi ya samu aikin zuba gawayi a wani jirgin Turawa, shi ya zagayo da shi har Ikko.

Baba Liman ya bari har ya gama. Sannan a hankali ya tambaye shi ko ya ga wata dattijuwa mai bille a kumatun hagu, tare da ɗanta dogo mai 'yar in'ina. Malam Bawa ya daɗe yana tunani.

Ya ce, "Malam, ba zan yi maka ƙarya da azumi a bakina ba. Muna da yawa a wurin, kuma yunwa ta mai da kowa kama ɗaya."

Taɓarya ta kuɓuce mini ta faɗa kan ƙwarya ta fasa ta. Can sai na ji gyaran murya.

"A gaya wa mutanen gidan nan ƙwarya ce kawai. Akwai wata."

Kafin azahar labari ya gama unguwa. Sai ran nan na san yawan gidajen da suke da mutum a hanyar gabas. Wannan mijinta, wannan ɗanta, wannan uwarta da ƙannenta biyu. Mata suka cika tsakar gidanmu, ana kuka maras hawaye sosai, don jiki ba ruwa.

Bayan la'asar Baba yakan yi tafsiri a ƙofar masallaci, mu mata muna ji ta bayan danga. Ran nan ya buɗe littafi, ya sake rufewa. Ya sa Malam Bawa ya maimaita labarinsa a gaban jama'a. Da ya ƙare, Baba ya ce daga yau har abin da Allah ya yi, bayan kowace la'asar za a zauna a ja Ya Laɗifu, sannan a yi wa mutanen can addu'a, da Larabci da kuma Hausa, don mata su san abin da suke cewa amin a kansa.

Mai unguwa ya gyara zama. Dattijo ne mai tsoron fitina, amma ba mugu ba. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, abu biyu ne suka dame ni. Masu yaƙin nan duk Musulmi ne, to wa za mu roƙa wa galaba? Na biyu kuma ka san Bature ba ya son zancen gabas a masallaci. Da ya ji, zai ce zancen Mahadi ake yi. An ɗauke malamai a kan abin da bai kai wannan ba."

Baba ya ce, "Sarakunan nan ban san su ba, su ma ba su san ni ba. Ba zan roƙa wa kowa galaba ba. Wanda na sani shi ne mai jin ƙishirwa, don yanzu haka ina jin ta. Shi za mu roƙa wa ruwa."

Sannan ya ƙara da cewa, "Hannunmu ba ya kaiwa Jidda. Amma duk wanda yake can ya bar bakuna a nan. Kowace mace in ta auna hatsin tuwon gidanta, ta ɗebi cikin tafi ɗaya ta aiko gidana. A yi tukunya ɗaya, a kai wa gidajen da masu su suke hanya, da duk baƙon da ya dawo daga can."

Da ya shigo, Gwaggo Tabawa ta tare shi a bakin zana. "Yaya, rumbunka fa ya kusa nuna gindi. Da wane hatsin za ka ciyar da unguwa?"

Ya ce, "Da wanda za ki fara ɗiba."

Ta yi ta mita har magariba. Amma washegari ita ta fara zuba tafinta a ƙwarya, ta kuma ɗora curin daddawa biyu a kai, tana cewa ba za a fitar da miya lami daga gidan da take ba.

Ni aka ba tukunyar. Tun da hantsi hatsi yake fara isowa, a ƙoƙo, a bakin zane, a faifai, dawa da gero da maiwa duk a gauraye, wata ma wake take aikowa don shi ke gare ta. Da rana ta ɗan karkata mata su zo da taɓarensu, mu jera turmi uku a inuwar ɗaki. Ba a waƙar daka, maƙogwaro ya bushe. Sai ya zamana lokacin da muke surfe shi ne lokacin da maza suke jan Ya Laɗifu a masallaci, muryarsu ƙasa-ƙasa kamar kukan zuma a amya. Ba mu shirya ba, amma taɓarenmu suka riƙa bin sautin, ɗaya ta tashi ɗaya ta sauka. In Baba ya fara addu'a da Hausa sai mu jingine taɓare mu ɗaga hannuwa da dusa a jikinsu. Yakan ce, Ya Allah, masu ƙishirwa a bakin ruwan gishiri, Ka shayar da su. Tsofaffin da ƙafa ta gaza, Ka ɗauke su. Yaran da iyayensu suka faɗi, Ka ba su wanda zai riƙe su. Masu takubba kuma Ka sanyaya zukatansu. Mu ce amin, mu koma daka.

Ba kowa ya karɓi tuwon da sauƙi ba. Akwai Yaya Mairo, matar maƙeri, mijinta ya fi nawa daɗewa a hanya, ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Sau biyu ana kai mata akushi tana mayarwa. Rana ta uku na yafa mayafi na ɗauka da kaina. Na tarar tana dama wa yaran dusa da kanwa.

Ta ce, "Ki mayar. Mijina bai mutu ba balle a fara yi masa sadaka."

Na ce, "Yaya, nawa ma bai mutu ba, kuma daga tukunyar nan nake ci. Ba sadaka ba ce. Ina neman mai iya tuƙi ne, hannuna ya gaji. In za ki zo ki kama mini, ai kin ci guminki."

Ta dube ni, ta dubi yaran. Sai ta ja akushin gabansu ta rufe da faifai sai an sha ruwa. Washegari tun kafin kowa ta iso da muciyarta, muciyar da mijinta ya sa wa ƙarfe a gindi. Daga ran nan ita ce mai tuƙi, kuma tun daga lokacin ban sake cin tuwo mai laushin nata ba.

Wajen tsakiyar wata maza suka lura da wani baƙo a sahu, mai wankakkiyar riga, yana zuwa la'asar ya zauna har a tashi. Masinja ne daga ofishin Bature. Kwana uku yana zuwa, a na huɗu ya zo da hantsi ya ce ana kiran liman. Gwaggo Tabawa ta ce ai ga irinta nan, ta shiga ɗaki tana faɗa tana ninke masa riga ta biyu, ko da za a wuce da shi. Yaya Mairo ta aiko da jakin mijinta. Kafin ya hau, Baba ya tsaya a bayan zana.

"A gaya wa mutanen gidan nan, ko ban dawo ba kada a sauke tukunya."

Ba mu sauke ba. Mun daka, mun tuƙa, mai unguwa da kansa ya ja Ya Laɗifu ran nan. Rana ta yi ja, ina kwashe tuwo ina kasa kunne, sai na ji kofaton jaki a ƙofar gida. Baba ya sauko da ƙyar, leɓensa ya yi fari fat, aka riƙe shi zuwa zaure. Sai da aka kira salla ya sha kunu ludayi uku sannan magana ta fito.

Ya ce Baturen ya tambaye shi ta bakin tafinta wane sarki yake goyon baya. "Na ce, ranka ya daɗe, in ka faɗa mini sunayensu ma, yau zan fara ji. Ya ce in karanta masa addu'ar. Na karanta, tafinta ya juya masa. Ya ce to hatsin da ake tarawa ina ake kai shi? Na ce mafi nisansa gidan maƙeri, taku ɗari biyu ne ga mai ƙafa biyu." Baturen ya yi rubutu ya yi rubutu, sannan ya ce kada a karanta wasiƙar gabas a masallaci, kada a ambaci sunan wani sarki. Addu'a ga mai yunwa kuwa, ya duba bai ga dokar da ta hana ba. Baba ya yi murmushi ya ce, "Har ya sa aka kawo mini ruwa a kofin tangaran, ya manta wane wata ake ciki. Ban taɓa ganin ruwa mai kyau irinsa ba."

Kashegari masinjan nan ya dawo, ba da saƙo ba. Ya tsaya a zaure ya kwance bakin rigarsa, ya zazzage gero a ƙwarya. Ya ce wansa shekara shida ke nan yana hanya. Ya ce, "Malam, zaman da na yi a sahu aiki ne ya sa ni. Amin ɗin kuwa tawa ce."

Goman ƙarshe ta zo da wuya. Zafi ya ƙaru, hadari ya haɗo da yamma ya watse ba ko ɗigo. Tafin da ake aikowa ya koma rabin tafi, wasu gidajen suka daina aikowa, ba don rowa ba. Rumbunmu ya ƙare ƙaf. Abin da ya rage a gidan sai iri, zaɓaɓɓun zangarnun da aka rataye a rufin madafa hayaƙi yana kare su daga ƙwari. Wata safiya Baba ya yi gyaran murya ya ce a sauko da su.

Gwaggo Tabawa ta ce, "Wallahi ba za a sauko da su ba. Iri ba naka ba ne, Yaya, na baɗi ne."

Ya ce, "Na yi wa mutane alkawari, Tabawa."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Ban yi wa turmi magana ba, shi na yi wa. Na ce, "Baba, kada a taɓa iri. A ba ni kwana biyu."

Na ji kunya ta kama ni tun daga ƙafa. Sannan ya ce, "An ba ki."

Kawuna yana da gona a can bayan Tudun Jukun mai itatuwan ɗorawa manya, kuma lokacin ɗorawa ta bushe a sama. Na aika na roƙe shi, ya ce in za mu iya kaɗowa, mu kwashe. Mu tara muka fita da sassafe da gora da kwanduna. Ba zan manta ranar nan ba. Ki ɗaga kai kina zungura, rana tana dukan idonki, ɓawo yana zubo miki a fuska, ƙanshin garin nan mai zaƙi yana shiga hanci, ga ba halin lasa. Wata yarinyar mace ta yanke jiki ta faɗi, muka ja ta inuwa muna yi mata fifita da faifai, ta farfaɗo ta ce ba za ta karya ba. Muka dawo da azahar kowa da kaya niƙi-niƙi a ka, ƙasa tana ƙona tafin ƙafa. Muka ɓare, muka daka, garin ɗorawa rawaya ya cika masaki biyu. Shi muka riƙa damawa muna ƙara wa kunu kauri, yara suna sha bakinsu ya yi rawaya har kunne. Kalwar kuwa Gwaggo ta karɓe ta dafa daddawa, ta ba matan ƙauye masu kawo itace suka musanya mata da dawa. Da haka tukunya ta kai mu ƙarshen wata. Tuwon ya ƙanƙance, amma bai yanke ba ko rana ɗaya.

Ran ashirin da takwas, ana cikin Ya Laɗifu, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kwashe mana faifai biyu, ta kwantar da dangar maƙwabta. Sai ɗigo, manya-manya, kowane ya faɗi ƙasa ta haɗiye shi. Ƙanshin ƙasar nan ya tashi, wanda in kina azumi kamar ki tsuguna ki ci. Sannan ruwa ya tsuge. Muka fito da duk abin da ke da baki, randa da tulu da ƙwarya har da turmi. Maza suka fito daga masallaci suka tsaya a fili, dattawa da gemunsu, ruwa yana dukansu, kowa ya rufe bakinsa gam don kada ya karya azumi. Gwaggo Tabawa ta leƙa ta danga ta ga wanta a cikinsu, ta ce ku dubi tsoho zai jawo mana mura ana jibi salla.

Bayan salla da kwana biyu aka sake ruwa mai yawa, ƙasa ta jiƙu. Baba ya ce gonakin waɗanda ba sa nan za a fara shukawa kafin kowa ya taɓa tasa. Aka yi gayya. Maza a gaba da sungumi suna sara, mu a baya muna zuba iri muna rufewa. Irin nan da aka hana shi saukewa, shi aka raba gida uku. Baba ba ya iya sara, amma ya ƙi zama. Ya bi layi yana dogara sanda, ya jefa ƙwaya, ya tura ƙasa da ƙafarsa mai lafiya. Layinsa ya karkace kamar tafiyar maciji, kuma ba wanda ya gyara.

Damina ta yi kyau, aka sauke tukunya bayan an ci sabon hatsi, amma addu'ar ba a daina ba. Daga baya muka ji an buɗe Jidda, yaƙi ya kwanta. Mutane suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Mijin Yaya Mairo ya dawo. Wan masinja bai dawo ba. Namu shiru. Azumi ya sake zuwa ya wuce, wani ma ya zo ya wuce. Mahaifina ya aiko cewa in ina so a je wurin alƙali a raba auren, shari'a ta ba ni. Baba ya tsaya bayan zana ya ce a gaya wa mutanen gidan nan ba wanda zai ga laifinsu. Na ce a ce masa ina da daka a gabana.

Da kakar shekarar ne, ina shiƙa a tsakar gida wajen hantsi, na ji sallama a zaure da 'yar in'ina a cikinta. Ƙwaryar tana hannuna har hatsin ya tsiyaye ban sani ba.

Malam Ƙarami ne, ba Inna. Ya zauna a gaban mahaifinsa ya faɗi yadda aka yi. Sun samu hajji kafin yaƙi ya tashi, a hanyar dawowa aka rufe su a Jidda. Zazzaɓi ya kama Inna ana saura kaɗan a buɗe gari, a can aka binne ta. Shi kuma sai da ya yi ƙodago shekara guda a gonakin auduga kafin ya samu guzurin gida.

Baba ya yi salati, ya daɗe kansa a sunkuye. Ya ce, "Ta ga Ɗakin?"

"Ta gani, Baba. Da ƙafarta ta yi ɗawafi."

Ya ce, "Alhamdu lillahi."

Sai a lokacin wata 'yar yarinya ta leƙo daga bayan rigar Malam Ƙarami. Ba za ta wuce shekara biyar ba, fatarta kamar ta cikin gyaɗa, gashinta mai sulɓi ya sauko har ido. Ya ce iyayenta mutanen wata ƙasa ce da ake kira Jawa, can bayan wani bahar ɗin, bukkarsu tana jikin tasu Inna. Ba sa jin maganar juna, amma tulu ɗaya suke sha. Uban ya fara rasuwa, uwar ta bi shi. Inna ta ɗauki yarinyar tana raba lomarta da ita, kuma kafin ta cika ta sa shi ya yi alkawarin ba zai bar ta a can ba. Siti uwarta take kiranta. A wuyansa ta yi rabin hanyar.

Zaure ya cika da masu barka da masu ta'aziyya, kowa yana kallonta. Mai unguwa ya ce to yanzu 'yar wa za a ce, in an zo ƙidayar gida? Yarinyar ba ta san kunyar kowa ba. Ta ratsa mutane ta je ta dafa gwiwar Baba, ta kama gemunsa tana dubawa, ta ce da Hausarta mai gauraye da Larabci tana jin ƙishirwa.

Baba ya dube ta, hawaye yana bin gemun da take riƙe da shi, amma dariya yake yi.

Ya ce, "Shekara biyu da ɗoriya ina ɗaga hannu ina cewa, yaran da iyayensu suka faɗi, Ka ba su wanda zai riƙe su. Ban san da kaina nake ba. A ce 'yar gidan liman ce."

Na ɗebo ruwa a moɗa na miƙa ta gefen zana. Ta shanye, ta biyo moɗar har inda nake tsaye, ta kama bakin zanena. Ni na wanke mata ƙafa ran nan, ni na yi mata kitson farko, wanda ya warware kafin la'asar don sulɓin gashin. 'Ya'ya shida na haifa bayan haka, kuma dukansu Yaya suke ce mata.